Ɓarawon Tukunyar Gwaggo

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma a hannunta na tashi. Babana ya kai ni gidanta hutun makaranta, ya manta bai dawo ɗaukata ba, ni kuma ban taɓa aika masa da tuni ba. Duk wanda ya ci miyar Gwaggo sau ɗaya ba zai tambaye ni dalili ba.

Gajeriyar mace ce mai ƙwarin damtse, da tabon ƙunar mai a bayan hannun dama. Ba ta yi aikin ofis ba, ba ta yi kasuwanci ba. Kicin ɗinta ne duniyarta, wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda mai taga ɗaya, da risho biyu, da firjin da ke nishi kamar tsoho a kan matakala. A kan kantar kicin ta jera gwangwanayen madara, na gishiri, na barkono, na citta, babu mai rubutu a jiki. Kowanne da mazauninsa, kuma kaiton wanda ya gusar da ɗaya.

Abin da ya yi mata suna miyar albasa da nama ce. Albasa himili guda, a yanka siriri, a bar ta cikin mai a kan wuta kaɗan har ta koma launin shayin da ba a sa wa madara ba, sannan nama ya shiga. Duk ranar Asabar take yin ta da farar shinkafa, 'ya'ya da surukai da jikoki su cika tsakar gida. Ni dai mai aski ne, Asabar ce ranar cinikina, amma da rana ta take tsaka zan rufe shago ko da na bar mutum da rabin kai.

Doka ɗaya gare ta: ba a shiga kicin. Har babbar 'yarta, taubashiyata, wadda na laƙaba wa Allura tun kafin ta zama nas saboda tsinin bakinta, ba ta tsallake bakin ƙofar. In ta ce, "Mama, ki koya min," sai Gwaggo ta ce, "In na mutu kin koya."

Mutum ɗaya ne ke karya dokar, mijinta, Baba Mai Agogo. Dogo ne siriri mai ƙarancin magana, yana da ɗan shago a bakin titi inda yake wuni da gilashi maƙale a ido ɗaya. Dab da za a sauke tukunya sai ka gan shi ya ɓullo yana sanɗa, ya faɗa kicin. Sai mu yara mu ɗauka, "Ɓarawo ya shiga!" Can sai ka ji muryar Gwaggo.

"Fitar min, tsohon ɓera! Ka ji kunya mana, ga jikokinka!"

Sai ya fito yana hura baki, ta biyo shi da ludayi, ya soke cokalin a aljihun gaba kamar alƙalami. Rabin cokulan gidan a aljihunsa ake tsintarsu ranar wanki. Wani lokaci kuma ya fito hannu rabbana, jim kaɗan ya koma, mu ce yau ɓarawo sau biyu ya yi sata. Shi ke zuwa wurin mahauci da kansa, kuma kullum da safe sai ya buɗe firji ya cusa kai ciki. Muka yi ta yi masa tsiya cewa ƙirga tsoka yake yi don kada a cuce shi. Bai taɓa musantawa ba.

Wata safiya aka same shi a shago ya kifa kai a kan tebur. Wanda ya kawo gyara ya daɗe a tsaye, ya ɗauka kunne ya kasa yana sauraron agogo.

Da aka gama zaman makoki, Gwaggo ta ce a dawo da Asabar. Muka dawo. Miyar farko gishiri ya yi mata yawa har leɓe na tsagewa. Muka cinye, muka ce hawaye ne suka zuba a ciki. Ta biyu ba gishiri ko ƙwaya. Ta uku barkono ya sa surukinta direba ya yi ta neman ruwa kamar motarsa ta yi zafi. Kowa ya ce baƙin ciki ne, zai wuce.

Bai wuce ba. Wata rana tukunya ta ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika baranda, ita kuwa tana zaune a ƙofar ɗaki ta juya baya tana tsintar shinkafa. Maƙwabciya ce ta shigo da gudu ta kashe risho. Daga nan Allura ta fara magana ƙasa-ƙasa da 'yan'uwanta: Mama ta fara rikicewa, a kai ta gidan ita Allura a saman bene inda akwai mai aiki, a sa wa kicin kwaɗo kafin ta ƙona kanta. Allura ba ta iya raɗa ba. Gwaggo ta ji komai.

Asabar ta gaba na riga kowa zuwa. Ta leƙo ta taga ta ce, "Kai, sarkin surutu, shigo."

Na waiga bayana na ga ko da wani take.

"Da kai nake. Shigo ka rufe ƙofa."

Da furfura a gemuna na fara taka kicin ɗin nan. Ta miƙo min cokali. Na ɗanɗana, na ce, "Gwaggo, ai wannan ko akuya sai ta nemi ƙarin gishiri."

"To ni ban sani ba," in ji ta. "Ba na ji."

Na yi dariya, don na ɗauka wasa ne. Ita ba ta yi ba. Ta zauna a kan kujerar tsuguno ta ba ni labari tana kallon wuta. Tun autanta yana goye ta hau kujerar nan za ta ɗauko wani abu a saman kanta, ta zame, ƙeyarta ta bugi ƙasa. Ta yi kwanaki tana jiri, ta warke. Amma tun daga ranar hancinta da harshenta suka mutu. Zuma da toka duk ɗaya ne a bakinta. Turare da hayaƙi duk iska ce.

Na yi lissafi a zuci. Wato tun kafin a kawo ni gidan. Duk miyar da ta hana ni komawa gidan ubana, matar da ta dafa ta ba ta san ɗanɗanonta ba.

"Surukata tana raye a lokacin," ta ce, "tana jira in yi kuskure ta karɓe ludayi. In na ce ba ni da harshe, me ya rage min a gidan? Shi kaɗai na gaya wa."

Shi ne ya ƙirƙiro satar. In ya ɗanɗana ya ji daidai, ya tafi da cokali. In gishiri bai ji ba, ya ajiye cokalin kusa da gwangwanin gishiri. In ya yi yawa, ya ɗauki dankali guda ya ɗora a kan murfin tukunya, ta yanka ta jefa ya shanye. Sauran kuma da ido da kunne take yi: launin albasa, ƙarar mai, yadda miya ke bin bayan ludayi.

"Zagin fa?" na ce.

"Zagin na gaske ne. Yana haɗawa da tsoka."

Na ce to a gaya wa Allura mana, ai gara a san ciwo ne da a ce ta haukace.

"In ta sani, yau ɗin nan za ta sa kwaɗon. Mai ruɗewa ana cewa zai dawo daidai. Wanda ba ya jin warin hayaƙi wa zai bar shi da wuta?" Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai dai ba abin da ka iya sai ci da surutu. Ka ba ni na farkon, ka riƙe na biyun in za ka iya."

Haka na gaji sata. Da aka taru na shiga kicin da sanɗa, na fito tana bina da ludayi, cokali a aljihuna. Jikoki suka fashe da dariya, manya suka sunkuyar da kai. Allura ta harare ni.

"Kai kuma yaushe ka zama ɓarawo?"

"Gado ne. Ke kin gaji tsinin baki, ni na gaji cokali. Wa aka cuta?"

Miya ta dawo hanya. Ba ta kai ta da ba, don harshen da ya saba da abincin bakin titi ba zai kamo na Baba ba, amma ta ciwu. Maganar kwaɗo ta lafa. Gwaggo ta koma tsawa, wanda a wurinta shi ne alamar lafiya.

Sai aka shiga zafi, wuta ta yi ta ɗaukewa, firji ya yi shiru ya daina nishi. Ta sayi nama tun tsakiyar mako ta ajiye. Ba ta gaya min zancen leƙa firjin da Baba ke yi don shinshina nama ba, ina jin ita ma ta daɗe da ɗaukarsa halin tsoho kawai. Ranar Asabar na tarar nama ya riga ya nutse cikin albasa da barkono. Na ɗanɗana romo, gishiri daidai, na soke cokali na fito.

Kafin magariba gidaje huɗu sun koma layin banɗaki. Ni kaina na yi zaman da ban taɓa yi a shago ba. Mu manya muka sha wuya muka tashi. Amma ƙaramar 'yar Allura, wadda ba ta shiga firamare ba, aman ya ƙi tsayawa, idanunta suka faɗa, aka kwantar da ita ana ƙara mata ruwa.

Washegari na tarar da Gwaggo a kan bencin barandar asibiti, hannayenta a cinya. Allura ta fito daga ɗakin da kayan aikinta a jiki, ido jawur, tana rantsuwar sai ta sa an rufe teburin mahaucin nan.

"Ki bar mahauci," in ji Gwaggo. "Lafiyayyen nama ya ba ni. A hannuna ya lalace, ban ji ba. Ba na jin wari, ba na jin ɗanɗano."

Allura ta tsaya. "Tun yaushe?"

"Tun kina firamare."

"Mama, ni fa nas ce."

"Shi ya sa."

Allura ta dube ni, na dubi silifas ɗina. Wannan ne karo na farko da muka haɗu ba wanda ya tsokani wani. Ta juya ta koma wurin 'yarta.

Yarinya ta tashi, Allah ya taimaka. Ranar da aka sallame ta, Gwaggo da kanta ta aike ni na sayo kwaɗo. Ta wanke tukwane, ta kife su, ta goge kanta, ta rufe ƙofa, ta miƙa wa Allura makulli ba wanda ya roƙe ta. Ko ludayi ba ta ɗauka ba.

A saman benen an ba ta ɗaki mai fanka da taga mai kallon titi. Ba a rage ta da komai ba. Sai dai ta daina ci. Ta ce min dama can ba don daɗi take kai loma baki ba, in ta ga muna ci ne take tuna ana jin yunwa. Damtsen nan ya zube, zobenta ya fara yawo a yatsa.

Allura ta ga abin ya yi yawa, sai ta ce a yi miyar albasa wata Asabar, Mama ta zauna a ƙofar kicin tana ba da umarni. Aka kawo mata kujera. Ta ce a rage wuta, aka rage. Ta ce a jira, aka ɗan jira. Amma Allura tana da aikin yamma, ta duba agogo, ta zuba nama. Gwaggo tana kallo daga kujerarta.

Da aka kusa saukewa na shiga da sanɗa, don raha. Ba wanda ya yi ihun ɓarawo. Na ɗanɗana. Miya ce dai, irin wadda za ka ci a kowane gida ka ce an gode. Na ɗaga kai na ga Gwaggo ta kafe ni da ido daga kujerarta. Na soke cokali a aljihu, na fito ina hura baki.

Ta bari har na zo daidai da ita, sannan ta kama bakin rigata.

"Maƙaryaci," ta ce a hankali, yadda 'yarta ba za ta ji ba. "Albasar tana fara aka sa nama, ina gani. Shi bai taɓa yi min haka ba. Mayar musu da cokalinsu."

Na mayar. Aka zuba mata, ta yi loma biyu don idon Allura, ta ce a kai ta ɗaki. Ba ta ƙara zama a ƙofar kicin ba, kuma ba ta ga ƙarshen wannan shekarar ba.