Kwanon Baƙonmu

Shekarun baya, lokacin da ƙauyukan gefen Zurmi suka fara watsewa saboda 'yan bindiga, wani dattijo ya sauka a unguwarmu a Kaura Namoda, shi da tsohuwar matarsa da rabin buhun gero. Aka ba su wani ɗaki a bayan masallacinmu. Ni a lokacin ina tuƙa motar haya tsakanin Kaura da Shinkafi, in dai ina gari ba na rasa jam'i.

Masallacin namu ƙarami ne, kowa ya san kakan kowa, har wurin tsayuwarsa a sahu kowa ya sani. Muna da wata al'ada da muke taƙama da ita, ciyayya. Bayan Magariba kowane magidanci zai kawo kwanon tuwo daga gidansa, a jera a tsakiyar tabarma, babban cikinmu ya riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu. Mata kuwa suna can suna jira. Wadda kwanonta ya koma a suɗe ta san an yaba mata.

Ranar da baƙon ya fara salla da mu, liman ya yi nasiha a kan yadda mutanen Madina suka karɓi baƙinsu. Ba wanda ya kai ni gyaɗa kai. Ana sallamewa na kama hannun baƙon da hannu biyu, na ce, "Baba, nan gidanka ne." Wajen zaƙin baki dai, ba a barina a baya.

Kwana huɗu da zuwansa sai ga shi da kwanonsa, ya ajiye a cikin namu. Amma kafin nan wani abokina, mai sayar da hatsi, ya riga ya zagaya kunnuwanmu. "Ku dai ku lura. An ƙone garinsu ƙurmus, shi ya hito ko ƙwarzane babu. Irinsu ne ka kai rahoto daji." Ba shi da shaida ko ta ƙwayar gero. Amma tsoro ya cika gari, magana ta zauna.

Babbanmu ya buɗe kwanuka duka, ya tsallake na baƙo. Dattijon ya jira, ya jira, sai ya buɗe da kansa, ya turo tsakiya, ya ce, "Bismillah." Tuwon gero ne da miyar kuka, ƙamshin daddawa har cikin hancina. Kowa ya ce ya ƙoshi. Har da ni, da na koma gida ina tambayar ko akwai sauran ƙanzo.

Haka aka yi kwana uku. A na huɗu ya tare ni wajen alwala, ya rage murya.

"Ɗana, alfarma nika roƙo. Ba sai kun ci ba, na gane. In an tashi, ka tahi da kwanon ga gidanka ka juye, ka maido man shi ba komi ciki. Tsohuwa na tambaya ta mi ya hwaru. Ta baro ɗakinta, ta baro kabarin ɗiyanta biyu. Tuwon ga kaɗai ya rage mata, kar in ce mata an ƙi shi."

To, jama'a, me ya kamata ɗan halak ya yi? Ya zauna a gaban kowa, ya naɗe hannun riga, ya yanki loma. Shi ke nan, magana ta mutu. Ni ban yi ba. Na ji tsoron kar a ce ni ma nasu ne, ga shi kullum ina kan hanyar daji. Na karɓi kwano, na riƙa zuba wa awakina. Kusan wata biyu ina wannan aiki, kuma wallahi a raina ji nake lada nake kwasa. Awaki har suka yi ƙiba.

Da ruwa ya sauka, dattijon ya ce za su koma su yi shuka. Ba wanda ya ce masa ya zauna, ko na fatar baki. Ni na kai su Moriki a motata, ya sauka yana ta sa min albarka. Kafin a yanke gero labari ya iso cewa an harbe shi a gonarsa. A ƙofar masallacin nan liman ya yi masa addu'a, kuma "amin" ɗin abokina ta fi ta kowa ƙarfi. Ban ƙara yi wa abokin nan magana ba har aka yi sallar layya.

Bayan ta gama takaba, tsohuwar ta dawo Kaura wajen wani ɗan ƙanenta. Matata ta matsa min sai na je gaisuwa. Na durƙusa a bakin ƙofa, ta leƙo ta dube ni.

"Kai ne direban? Malam ya sha ba ni labarinku. Ya ce mutanen masallacin ga har rububin tuwona suka yi, kai ma ba ka barin ko miya. Allah shi saka muku, kun riƙe mu kamar naku."

Na ce, "Amin, Inna." Abin da na iya ke nan.

Na daɗe ina ɗora wa abokina laifi, amma shi aƙalla abin da ke ransa shi ne a fuskarsa. Ni ne na ce wa mutum nan gidansa ne, sannan na taya shi ɓoye wa matarsa cewa ba a son su. Muna nan muna ciyayya, liman yana nan yana nasiha, mu kuma muna gyaɗa kai.

Tsohuwar ta rasu ba ta san gaskiya ba. Mutane za su ce na rufa mata asiri. Ni na san nawa na rufa.