Hantar Janar da na ƙi ci

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare ba, na taɓa tsayuwa a bakin gonarmu ta citta ina kallon jini yana bin hannuna. Ba zafin ne ya fara tsorata ni ba. Matan da ke noma a gonar gefe ne suka ja da baya, ɗaya ta sa hannu a ka ta ce, "Yesu! Kare nan ne ya cije ki?" A nan gabana ya faɗi.

Janar sunansa, ƙannena suka raɗa masa. Mahaifina ya gan shi a kejin waya a bayan mashin ɗin masu sayen karnuka, a hanyar Gidan Waya, za a kai shi inda ake yankawa. Ɗan kwikwiyo ne, amma ƙafafunsa kamar na maraƙi. Baba ya ba da akuya ya karɓo shi, Mama ta yi mako ba ta yi masa dariya ba. Gidanmu ba a zama: gona, rafi, kasuwa, ƙwallo. Janar ya shige cikinmu kamar da shi aka haife mu, duk inda muka nufa yana gaba. Sai dai ba wanda ya san daga gidan da ya fito, balle ko an taɓa yi masa allura.

Ranar nan tarkon gafiya ne ya kama masa ƙafa. Ni kuma sarkin tausayi na ruga na kama wayar da hannu, shi kuwa cikin azaba ya kafa mini haƙori. Mama ta wanke ciwon da sabulu har na yi ihu, aka ɗora ni a mashin zuwa asibiti a Kafanchan, aka fara mini allura.

Kafin mu dawo, labari ya riga mu gida. Janar ya ƙi cin abinci, yawu na zuba daga bakinsa. Kawuna, yayan Baba, yana zaune a tsakar gida da gora a hannu.

"Kare nan ya haukace," in ji shi. "Za mu kashe shi, a gasa hanta ki ci, a ƙona gashi a sa a ciwo. Haka kakanninmu suna yi."

Baba ya ce a bari likitan dabbobi ya gani tukuna. Wani dattijo ne, Musulmi, gidansu na bayan kasuwa. Da ya zo, ya leƙa ta tagar ɗakin da aka tura karen, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo gare ni.

"'Yata, ba zan yi miki ƙarya ba, yau ban sani ba. Wataƙila wayar ce ta yanke masa baki, wataƙila ciwon haukan ne. Ki ci gaba da allurarki. Shi kuma a kulle shi kwana goma. Idan ya kai yana ci yana sha, bai sa miki komai ba. Idan kuka kashe shi kuka cinye, wa zai gaya mana?"

Muka kulle shi a ɗakin da muke ajiye busasshiyar citta, na ɗaure makullin a bakin zanena.

Kwanakin nan ba na fatan su ga maƙiyina. Na ji an ce mai wannan ciwon ruwa yake tsoro, sai na mayar da kaina tulu. Da na farka sai in ɗauki kofi in ga ko ruwan zai wuce. Maƙogwarona ya ɗan yi ƙaiƙayi, na fara raba kayana a zuci. Ƙawayena na ƙungiyar mawaƙa suka riƙa gaishe ni daga bakin ƙofa. 'Yan zumuntar mata suka zo addu'a, ba wadda ta riƙe hannuna.

Kawu bai haƙura ba. Wata safiya ya dawo da maza biyu da igiya, Baba ya tafi gona. Na riga su zuwa ƙofar, na zauna na jingina bayana da ita.

"Tashi, yarinya. Rai naki muke nema."

"Kawu, hantar tawa ce, na ji. To sauran naman na wa?"

Ɗaya daga cikin mazan ya fashe da dariya, Kawu ya harare shi.

"Ke da ni kina magana haka?"

"Ka yi haƙuri, Kawu. Ni aka ciza. Idan mutuwa ce, ni zan yi. Ina so in sani, ba zan yarda a cinye amsar da barkono ba."

Mama ta fito daga kicin tana kuka. "Idan na rasa ki saboda kare fa?" Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta ce wa Kawu, "Baban yara, sai dai ku ɗaga mu biyu." Suka tafi da igiyarsu.

Har yau idan kare ya yi haushi a bayana, sai na waiwaya da sauri. Janar kansa na daɗe ban iya taɓa kansa ba. Masu cewa na yi wa babba rashin kunya suna nan, ni kuma ban ba da haƙurin zaman da na yi a ƙofar nan ba, ba kuma zan bayar ba.

Da kwanakin suka cika, likitan ya zo da hantsi, ya ce in buɗe. Makullin ya faɗi daga hannuna sau biyu. Janar ya fito yana ɗingishi, ya wuce mu duka, ya tsoma kai a bahon wankin Mama ya yi ta sha har da kumfar. Mama ta ɗaga murya za ta kore shi, likitan ya ce, "Bar shi ya sha, Mama."

Sannan ya dube ni. "'Yata, je ki ci abinci. Ba abin da zai same ki."

Na zauna a ƙasa, a nan inda nake tsaye, na yi kukan da na hana Kawu gani.