Furen da Gwaggo Ta Zana wa Inji

Shekara talatin Gwaggo ta yi tana surfani a shagonta mai taga ɗaya, ba ta taɓa maimaita fure ba. Mace za ta zauna a benci ana hira, Gwaggo na ƙare wa wuyanta da kafaɗarta kallo, sannan ta zana abin da zai karɓe ta. Bencin ba ya rabuwa da mata, har da masu zuwa gulma kawai.

Auta, 'yar ƙanenta, a gabanta ta koyi riƙe allura. Da mijinta ya sayo mata injin surfani mai kwamfuta, sai ta bi rigunan Gwaggo tana ɗaukar hotonsu da waya, ta zuba wa injin. Aikin mako uku ya koma na awa guda. Gwaggo ta haɗiye wannan. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne ranar da Auta ta ce, a gaban mata, ai idon tsohuwa ya gaji, a bar ta ta huta. Aka yi dariya. Benci ya watse, kowa ta waya take tura wa Auta awonta.

Gwaggo ta daina zana sabo, ta zuba ido. Shekara biyu unguwa na yawo da tsofaffin furanninta, mata na haɗuwa a hanya kamar 'yan aji ɗaya.

Rannan sai ga Auta ta durƙusa. Wai babbar kwastomarta ta kawo yadi mai tsada, tana son abin da ba a taɓa gani ba, ita kuwa kwana uku tana juya fensir, hannu ya ƙi.

"Gwaggo, ki rufa mini asiri."

Gwaggo ta murza yadin, ta ji shara-shara ne. Ta zana fure mai ganye a kan ganye, cunkus. Hannu ya san inda zai sassauta zare a irin wannan yadi. Inji ja kawai yake yi. Da Auta ta taɓa yadin da yatsa, da ta tuna. Hoto ta ɗauka, ta fita tana godiya.

Bayan kwana biyu ta dawo, ido jajur. Wuyan rigar ya tattare, ya yage a wuri biyu, kwastoma kuma gobe za ta zo. Gwaggo ta ɗaga rigar a hasken taga. Nan take ta ga yadda za a ceto ta, aikin yini ɗaya ne. Ta ninke ta tsaf, ta miƙa mata.

"Je ki tambayi injin, 'yata."