Tsintar Shinkafa a Ajin Madam Nasiba

Madam Nasiba 'yar Tunuga ce, ɗiyar masunci. Da Dandanci ta tashi, Hausa a kasuwa ta tsince ta, Faransanci kuma a lakwal, wato makarantar boko. Ita kaɗai ce a gidansu ta yi nisa a karatu, har aka ba ta ajin kimiyya a wani kolej na Gaya da ke jikin tashar manyan motoci.

Duk wanda ya koyar a wurin ya san wahalarsa. Tun da safe kamiyoyi ke jeruwa suna jiran takardun duwan, wato kwastan, kafin su haye gadar kogi zuwa Malanbil a ƙetaren iyaka. Wannan ya danna oda, wancan ya tayar da inji, yaran mota na ta kiran juna. Sau da yawa sai ta tsaya da alli a hannu ta jira ƙarar ta lafa. Mijinta Harun ma direba ne, yana ɗauko kaya daga Kotonu. Takan ce masa, "Baban Ma'u, ku ne ke hana 'ya'yan mutane karatu." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Malama, wannan ƙarar ita ce tuwon gidan nan."

Wata rana yara suka kawo kukan cewa hayaniya ce ta sa suka faɗi jarrabawa. Ta ce, "Wa ya tabbatar? Zato muke yi. Mu gwada mu gani."

Wasu suka ce a gwada da lissafi. Ta ƙi, don wani ya fi wani iyawa tun asali, ba za a san laifin hayaniya ba ne ko na kai. Sai wata ɗaliba mai suna Salima ta ce a yi tsintar tsakuwa daga shinkafa. Maza suka yi gunaguni, Madam ta ce su je su koya wurin iyayensu mata. Suka tsara abin tare: faifai iri ɗaya, shinkafa iri ɗaya, tsakuwa daidai wa daida, lokaci ɗaya. Abu guda kawai zai sauya. Kowa zai yi tsinta cikin shiru, ya yi ana kunna rediyo, ya kuma yi wani na kiran sunansa ta taga. Ta ce kada duka su fara da iri ɗaya, don kada sabawar hannu ta ruɗe su.

Abin da ya gagara shi ne shirun. Babu sa'ar da tashar ke yin tsit. Suka ɗage gwajin sai bayan hutu.

Cikin hutun nan na damina aka rufe iyaka. Rufewar ta tarar da Harun a Malanbil da mota cike da kaya. Ya ƙi barin amanar mai mota a bakin hanya, sai ya zauna yana gadinta, lokaci-lokaci ya shigo kwale-kwale ya ga iyalinsa ya koma. Nasiba ta san kogi, ta san halinsa idan ya cika. Ta roƙe shi ya haƙura har ruwa ya ja. Ya ce ɗiyarsu Ma'u ba ta da lafiya, ba zai iya zama yana jin labari a waya ba.

Wata safiyar Juma'a jirgin da ya shigo ya yi lodi fiye da kima, iska ta taso a tsakiyar ruwa, ya kife. Dangin mahaifinta ne suka tsamo gawarsa a kusa da Tunuga.

Bayan ta fita takaba ta koma aiki. Tashar ta zama fili, sai 'yan motoci da tayoyinsu suka sace, awaki na kwance a ƙarƙashinsu. Tana magana a hankali ana jin ta har bencin baya. Yara ba su tuna mata da gwajin ba, ita ce ta ce su kawo faya-fayansu.

Sakamakon bai zo yadda suka zata ba. Kiran suna ya rage wa kusan kowa sauri, wannan kam an yi tsammani. Amma da yawa sun fi barin tsakuwa a zagayen shiru fiye da na rediyo. Ta tambayi wani ɗalibi, Bilal, wanda ubansa ɗan dako ne a tashar, me ya faru da shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Madam, in an yi shiru sai in tuna gida. Rediyon ya fi mini sauƙi."

Ta ce bari ita ma ta gwada. Ta zauna a benci ta ɗora faifai a cinya, aji ya yi tsit. Ta fara tsinta. Can daga bakin kogi sai ƙarar injin jirgi ta taso. Hannunta ya tsaya cikin shinkafar, bai ƙara motsi ba. Lokaci ya cika. Salima ce ta taso ta ɗauke faifan daga cinyarta.

Da ta dawo hayyacinta ta share fuska da gefen mayafi ta koma gaban allo. Wani ya tambaya ko a sake gwajin, tunda ya lalace.

"Bai lalace ba," in ji ta. "Ku rubuta shi yadda ya zo, kada ku gyara komai. A ƙasa ku ƙara cewa akwai abin da ba mu iya daidaitawa ba, wato abin da kowa ya baro a gida."

Ta ƙarasa shekarar ba ta yi fashi ba. Da aka yi hutu ta nemi a mayar da ita Yelu, wani gari nesa da kogi, aka amince. Can take yanzu ita da Ma'u, a ɗaki biyu bayan gidan wani manomi. Mutanen garin sun san ta da haƙuri da ƙarancin magana. Tsofaffin ɗalibanta kan aiko mata gaisuwa ta bakin 'yan kabu-kabu, tana amsawa, tana tambayar kowa da sunansa. Sau ɗaya ta sake shiga Gaya, don wasu takardun aiki, kuma a ranar ta juya.