Jan Bunsurun Baffa

Muna idar da sallar asuba muka fito daga gida a Gazawa, mu uku: ni, da yayana, da 'yarsa da ta zo hutu daga karatu a Turai. Gidan Rumji muka nufa, wurin Baffa, ƙanen mahaifinmu. Ba zan ɓoye muku ba, tun ana jibi tafiyar gabana yake faɗuwa.

Ga dalili. Lokacin rikicin tazarce Yaya da Baffa suka raba hanya, kowa da ɓangarensa. A wata sadakar arba'in a gidan Baffa gardama ta yi zafi, aka kawo akushi, Yaya ya kaɗe rigarsa ya tashi bai sa hannu ba. Baffa ya ce wanda ya ƙi tuwonsa shi ya ƙi. Tun daga ranar ko barka da salla ba ta haɗa su. Yanzu sojoji sun ce za su miƙa mulki, kamfe ya kankama, sai Inna, mahaifiyarmu, ta ce mu je a shirya kafin zaɓe ya sake hura wutar, ga kuma jikin Baffa ya fara ƙi. Kowa ya san a bakin akushi aka ɓata, a bakin akushi za a gyara. Ni kuwa ga ni ɗauke da mutum biyu da ba sa cin nama.

A da kuɗin goro nake yi musu, uba da 'ya, ina cewa gidan masu cin ganye. Ashe ba tafiyarsu ɗaya ba. Yaya tansiyo ne, wato hawan jini, ya taɓa kayar da shi a kasuwa, likita ya ɗora shi kan ganye da wake da gero, ya hana shi nama da maiƙo da gishiri. Shi da nama ba faɗa suka yi ba, in muka gifta mai tsire ina ganin maƙogwaronsa na motsi. 'Yar kuwa cewa take ita "began" ce: ba nama, ba nono, ba ƙwai, ba man shanu, ba zuma, har takalmin fata ta daina sawa. Ta ce ba don lafiyarta ba ne, don dabbar ne.

A tasha mun tarar kuɗin mota ya hau, wai 'yan siyasa sun kwashe motocin haya. Wadda ta rage muka cusu a ciki, mutum kan mutum. Hotunan 'yan takara ko'ina, jikin katanga, jikin shago, har gindin kuka bai tsira ba. A Agiye jandarma suka duba takardunmu, direba ya ba mu damar karyawa. Yaya ya sha shayinsa da ɗan ɗigon madara, yana cewa wannan ba ta kai a gaya wa likita ba. Ita kuwa ƙosai ta saya, bayan ta tsare mai suya da tambayar wane mai ne a kaskon. Matar ta ce man gyaɗa ne, sannan ta dube ni da tausayi, ta tambaye ni a hankali ko iska ce ke damun yarinyar.

A Cadawa wata Bafulatana ta miƙo ƙwaryar fura ta taga, nono fari tas, mai kauri. 'Yar yayana ta sayi curin furar kaɗai ta dama da ruwa. Nan haƙurina ya ƙare. Na ce mata wannan ƙoshi ne kawai, ga mutanen ƙauyukan nan suna wata da watanni tukunyarsu ba ta ga tsoka ba, kuma ba wanda ya raɗa wa abin suna. Na roƙe ta, in an kawo akushin Baffa ta daure ta kai loma ɗaya.

Ta ce, "Gwaggo, Baba magani yake sha, in ya tsallake yau gobe sai ya ɗora. Ni alkawari na ɗauka."

Na juya mata ƙeya har Maraɗi.

A Maraɗi sai da muka canja mota, ga ayarin wani ɗan takara ya toshe hanya, babura da ganguna da ƙaho kamar za su tsaga kunne. Yaya ya dafe kai, ni kuma ina ta tambayarsa ko ya haɗiyi ƙwayarsa ta safe. Na sayi goro da sukari na tsaraba, na ciro salula zan kira matar Baffa in gaya mata kada a wahala da nama. Yaya ya riƙe min hannu. Ya ce in labari ya riga mu isa cewa ba za mu ci ba, Baffa zai ce maimaici muka zo yi, ƙofa ma ba zai buɗe ba. Gaskiya ya faɗa, dole na mayar da salular jaka. Muka wuce Tibiri, fadamar gulbi shar da tumatir da rogo, ni ko kallon kirki ban yi mata ba, addu'a kawai nake ja.

Bayan azahar muka isa. Baffa na zaune kan tabarma a inuwar itacen bedi, ya rame ƙwarai. Muka durƙusa, ya amsa gaisuwa idonsa na kan carbi. Can gefe ga wani jan bunsuru ɗaure a turke, mai sheƙi, irin na ƙasar nan, ɗan Baffa kuma na wasa wuƙa a kan dutse. Na gane tsohon ya yi niyyar karrama mu, kuma karramawar ce za ta kashe mu.

Ban ankara ba sai na ga yarinyar nan ta miƙe, ta je ta kwance igiyar, ta naɗe ta a hannu. Na ce a raina shi ke nan, mun zo gyaran gira za mu rasa ido.

Baffa ya ɗago. "Wace ce wagga mai kama min bisa?"

Ta jawo bunsurun har gabansa ta durƙusa. "Haba tsoho, haka ake tarbar amarya? Na yi shekaru ban zo ba, sai ka ba ni gawa? Da ransa nake son abina."

Ni tsoro ya mantar da ni cewa jikarsa ce, kuma tsakanin kaka da jika akwai wasan da ɗa bai isa ya yi ba. Baffa ya ƙura mata ido, sannan ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya tambaye ta dalili, ta faɗa masa ba kwana-kwana. Ya ce ai Allah ya halatta. Ta ce ita ma ba ta ce haram ba ne, bari kawai ta yi. Ya ce ya sha jin labarin bayin Allah da suka bar nama, amma bai taɓa ganin mai wando da tabarau ba sai yau. Ya sa ɗansa ya mayar da wuƙa kube.

Na fara sauke numfashi ke nan sai ga akushi. Ashe tun safe matar Baffa ta dafa zabo, ga tuwon gero, ga miyar kuka man shanu na yawo a kai. Na ruga madafa muka haɗa wa yarinya kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, Baffa ya ce a ba amarya ciyawarta, ita da bunsurunta su raba. Ita dai ta tsira. Amma ba da ita aka ɓata ba.

Baffa ya sa hannu ya ciro cinyar zabon, ya ajiye gaban Yaya, bai dube shi ba. Na tuna ranar da aka kwaso Yaya daga kasuwa, na buɗe baki zan yi bayani, Yaya ya harare ni na haɗiye. Ya yi bisimilla. Ya ci cinyar nan har ƙashi, ya kai lomar tuwo da miyar, hawaye na bin gemunsa. Da ya gama ya ce, "Baffa, tun bara likita ya hana ni nama. Naka ne na fara ci."

Tsohon ya fizge akushin daga gabansa. "To mi ya hana ka hwaɗi, ɗan nema? So kake ka mutu min cikin gida, in ce wa uwarka mi?"

Ya ƙwala wa matarsa kira a ƙaro zogale, kada a sa gishiri. A kwano ɗaya suka ci, shi da Yaya, yana ci yana mitar an mayar da shi akuya da tsufansa. Har muka kwanta ba wanda ya ambaci jam'iyya.

Washegari muka juyo mu huɗu, har da bunsurun da Baffa ya ba amaryarsa. Direba ya ce a ɗaure bunsuru a saman mota, uwar ɗakinsa ta ce sam, rana za ta dafa shi. Ƙarshenta tsakanin ƙafafuna ya zauna, ya cinye gefen gyalena kafin Tibiri, a Cadawa kuma ya ƙarasa da hoton wani ɗan takara da maƙwabcina ke fifita da shi. Muna isa Gazawa na tasa Yaya gaba sai asibiti. Aka auna tansiyon, ya ɗan hau, ba dai na tashin hankali ba, ya koma kan wakensa.

Abin da tafiyar nan ta koya min, kwano na iya zama iri ɗaya, abin da ya kai hannu cikinsa daban. Yaya ya bar nama don ransa, shi ya sa da zumunci ya nema ya iya bayarwa. 'Yarsa ta bar shi don ran wani, kuma ba ta ga tana da ikon yin kyauta da abin da ba nata ba. Har yanzu ina ganin ta tsananta, zuma dai ban ga laifinta ba, amma na daina ce mata ƙoshi ne.

Ta koma makaranta, ta bar min bunsuru amana, da sharaɗin ko babbar salla ba ruwansa. Yana nan yana cinye min dusa. Jiya da hantsi salular Yaya ta yi ƙara, ya duba ya ga Baffa ne, karo na farko tun rikicin. Wai lafiyar bunsurun amaryarsa ya kira ya ji. Bunsurun dai ba a wuce gaisuwa a kansa ba, amma har aka kira azahar suna magana.