Neman Yaya Idi a bayan Babban Mutum

Tafiyar nan ta ba ni wuya. Har yanzu ƙuguna bai koma daidai ba.

Mun tashi daga Daura da asuba, ni da ƙanin matata, a kan babur ɗinsa da soson kujera ya ƙare. Dalilin tafiyar Yaya Idi ne, babban wanmu. Zamanin mulkin soja, lokacin da aka rufe iyaka, sojoji suka kama shi wajen Mai'adua da buhun gero a kan jaki. Aka jefa shi mota, jakin ya dawo gida shi kaɗai. Ina yaro a lokacin. Baba ya bi gidajen yari har ƙafarsa ta kumbura, ya rasu bai ji komai ba. Inna kuwa ta tsufa, ido ya tafi, kuma har yau ba ta san addu'ar da za ta yi masa ba, ta mai rai ko ta mamaci. Kwanan baya wani mai fataucin shanu ya ce mini akwai kabarin baƙo a wani ƙauye bayan garin Babban Mutum, tun zamanin soja. Na ce bari in je. In ba shi ba ne, na sha iska.

Daga Daura zuwa Zango hanya ba laifi. Gero ya yi kyau bana, gyaɗa ma ta rufe ƙasa. A Zango muka sha koko da ƙosai, irin ƙosan yanzu da sai ka ƙura ido kafin ka gan shi. Man kwalba ya yi tsada, don haka duk gangarar da muka samu sai abokin tafiyata ya kashe babur, in mun kai hawa in sauka in tura. Bayan Baure muka tarar da shinge. Ni dai har gobe in na ga kaki sai in sunkuyar da kai. Yaron sojan da ke wurin ya ce, "Baba, a sauka lafiya." Shi ke nan.

Da muka bar kwalta muka shiga yashi. Mun faɗi, amma buta ce kawai ta fashe.

Mai unguwar ƙauyen ya ba mu fura mai sanyi, ya haɗa mu da wani tsohon wanzami, shi ke wankan gawa a garin tun da can. Ba ni da hoto, Yaya bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Na fara kwatance: dogo ne, baƙi, siriri.

Tsohon ya ce, "Ai rabin ƙasar nan ka kwatanta. Matso nan, ɗan nan."

Ya kama haɓata kamar zai yi mini aski, ya bi billen kumatuna da babban yatsa.

"Wanzamin gidanku bahago ne?"

Na ce, "Bahago ne, Allah ya jiƙansa. Duk 'yan gidanmu haka ya karkatar mana da shi."

Ya ce, "To na taɓa ganin aikinsa. Wannan billen na wanke shi da hannuna."

Ya ce motar soja ce ta yar da mutum a gindin tsamiya, jikinsa duk shatin bulala, sojojin suka yi kashedin kada wanda ya taɓa shi. Ƙurar motar na kwantawa, matan garin suka kai masa ruwa. Bai iya faɗin garinsu ba, kafin la'asar ya cika. Aka yi masa wanka, aka haɗa likkafani, duk garin suka yi masa salla. Tsoro ya hana su kai magana ko'ina.

Ya kai mu kabarin. An kewaye shi da ƙaya saboda awaki, kuma ƙayar sabuwa ce. Muka yi addu'a. Na ɗauka zan yi kuka, sai na ji yunwa ta kama ni. Tuwon dawa da miyar kuka suka kawo, na ci har na ji kunya.

Abin da na koya ba shi da yawa. Mun yi shekaru muna buga ƙofofin manya, ba mu taɓa tambayar masu wankan gawa ba. Wanda ke da nasa da ya ɓace, ya fara ta nan.

Mun iso Daura bayan magariba, Inna ta riga ta kwanta, ban tashe ta ba. Da safe na kai mata koko, na zauna na gaya mata duka. 

Ta ce, "An yi masa salla?"

"An yi, Inna. Gari guda."

Ta ce, "Allah ya jiƙansa." Ta maimaita a hankali, kamar tana gwada kalmar a bakinta. Sannan ta shanye kokonta, ta ce in kamo jar akuyarta, wadda ko taɓa ta ba a yi, in kai wa wanzamin.

Na ce, "Inna, ƙuguna fa."

Ta ce, "Ƙugun naka ne ya wanke mini ɗa?"

Na kamo akuya, na je na buga wa ƙanin matata ƙofa.