Sabon Iyakwandishan a Tsohon Jirgin Ruwa

Ina cikin wani tsohon jirgin ruwan shaƙatawa da aka ajiye a bayan gida a Pleasant Garden, gumi na zuba, ina cire matacciyar na'urar sanyaya iska, wato iyakwandishan. A shekarun tamanin ne, ina karatu a Greensboro ta Amurka ina haɗawa da gyare-gyare.

Na ce wa dattijon Baturen da ke da jirgin, "Baba, jirgin nan ai ya gaji. Me zai yi da sabon iyakwandishan?"

Ya ce, "Matata ba ta da lafiya, zafi na wahalar da ita. Tana so ta sake ganin teku."

Na saka masa sabo. Sun je. Kafin sanyi ya shigo, ta rasu.

Jama'a, ku wane aiki ne har yau bai bar ranku ba?